Daga kasuwar Aba zuwa kambun duniya: yadda ɗan damben zamani ke hawa tsani

 Akwai wata tambaya da ke yawan dawowa a fadojin samari, nan Banifandu da sauran unguwannin Yamai, duk lokacin da aka nuna babban damben boksin a talabijin: wai ta yaya mutum ke zama zakaran duniya? In yaro yana da ƙarfi, yana kisa a damben gargajiya ko yana kaye a kokowa, me zai hana shi ma a fita da shi Turai ya ɗauko kambu?

Tambayar ta wuce hirar shan shayi. Akwai gidajen da ake zama a yi shawarar sayar da gona ko bisashe don a biya wani mai cewa zai fita da yaro waje ya yi wasa, kuma sau da yawa ɗan uwan da ke Kwatano ko Akara ko Faransa shi ake kira ya cika kuɗin. Shi ya sa muka ga ya kamata mu bi sawun mutum guda, maƙwabcinmu ɗan Najeriya mai suna Dick Tiger, tun daga kasuwa har zuwa kambun duniya, mu ga matakalar da ya taka ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya san tsawon tsanin, ba za a yi masa romon baka ba.

Dambe iri biyu ne

Abu na farko da ake yawan cuɗawa shi ne, damben zamani hanya biyu gare shi. Akwai na wakilcin ƙasa, wanda ake yi a gasar Afirka da ta Olamfik, turmi uku kacal, abin da ake nema kuwa lambar yabo ce da ɗaga tuta. Akwai kuma na sana'a, wanda kowane wasa da ladansa, kuma a cikinsa ne ake ɗaure wa mutum ɗamarar nan mai ƙyalli da ake kira kambun duniya.

Mu nan Nijar, a hanya ta farko muka yi suna. Marigayi Issaka Dabore shi ne ya fara wakiltar ƙasar nan a Olamfik, a Tokyo cikin 1964. Ya koma a Meziko cikin 1968, sannan a Munich ta Jamus cikin 1972 ya kai wasan kusa da na ƙarshe a ajin masu kilo 63 da rabi. Ɗan Bulgeriya Angel Angelov ne ya tsayar da shi, amma da yake a dambe duk wanda ya kai wannan mataki tagulla ake ba shi, sai ya dawo gida da lambar Olamfik ta farko a tarihin Nijar. Sai da aka shekara 44 kafin Abdoulrazak Issoufou Alfaga ya kawo ta biyu, azurfa, a wasan tekwando a Rio cikin 2016. Dabore ya rasu a watan Disamba na 2021, Allah ya jiƙan sa.

Kun ga ke nan shekara takwas ya yi yana komawa kafin ya samu. To hanyar sana'a ta fi wannan tsawo, ta fi ta tsada, kuma ba gwamnati ke ɗaukar nauyinta ba.

Yadda ake wasan

Wanda ya saba da damben gida ya san hannu ɗaya ake naɗe wa kara, ɗayan garkuwa ne, kuma da zarar gwiwa ko hannu ya taɓa ƙasa an yi kisa. A boksin hannu biyu ake duka da su, cikin safa mai laushi. Faɗuwa ba ita ce ƙarshen wasa ba: alƙali zai ƙirga, in mutum ya miƙe kafin goma kuma hankalinsa na jikinsa, a ci gaba. Kowane turmi minti uku ne, a huta minti ɗaya. Sabon shiga yakan fara da turmi huɗu, ya hau shida, takwas, goma. Wasan kambun duniya yau turmi 12 ne, a zamanin Dick Tiger kuwa 15 ake yi.

In ba a kayar da kowa ba, alƙalai uku da ke zaune a gefe su ke yanke hukunci. Wanda ya ci turmi a ba shi maki 10, abokin karawarsa 9, in kuma ya sha ƙasa a turmin ya koma 8. A ƙarshe a tara. Wato ana iya ganin mutum ya fi ƙarfi, ya fi zafin nama, amma a ɗaga hannun wanda ya fi shi iya kai duka mai tsabta da kaucewa.

Sannan akwai awo. Ba a haɗa ƙato da ɗan tsurut. An kasa ƴan wasa aji-aji har 17, daga masu kilo 47 da ɗoriya zuwa manya da suka haura kilo 90. Kafin wasa sai an hau sikeli, wanda ya wuce awon ajinsa ko a ci shi tara ko ya rasa damar kambu. Ajin Dick Tiger shi ne na matsakaita, wanda iyakarsa kilo 72 da rabi.

Aba: matakalar farko

Sunansa na yanka Richard Ihetu. An haife shi ranar 14 ga Agusta 1929 a Amaigbo, cikin jihar Imo ta yanzu. Tiger, wato damisa, laƙabi ne na fage, kamar yadda namu ƴan dambe da ƴan kokowa ke da nasu. Ɗan manoma ne, ya taso ya tafi birnin Aba neman abinci, inda ya riƙa tattara kwalabe yana sayarwa a kasuwa. A nan ya koyi dambe, ya shiga na sana'a cikin 1952, ya yi ta wasa a Aba da Legas har ya zama na gaba-gaba a ajinsa a Najeriya.

Sai dai zama gwani a gida bai isa ba, don masu jera sunaye a duniya ba su ganin wasan da aka yi a Aba. A lokacin ƴan damben Afirka ta Yamma da ke ƙarƙashin Ingila birnin Liverpool suke nufa, saboda jiragen ruwa daga Legas da Akara can suke sauka. Wani ɗan Kalaba, Hogan Bassey, ya riga shi zuwa. Shi ne ranar 24 ga Yuni 1957 ya doke Cherif Hamia, haifaffen Aljeriya, a birnin Paris, ya zama ɗan Najeriya na farko da ya riƙe kambun duniya. Kafin su duka akwai Battling Siki na Saint-Louis ta Senegal, wanda ya kayar da gwarzon Faransa Georges Carpentier cikin 1922. Duk cikinsu babu wanda ya ɗauki kambunsa a gida.

Liverpool: faɗuwa huɗu a jere

Dick Tiger ya sauka Liverpool a ƙarshen 1955, cikin tsakiyar sanyi. Wasanninsa huɗu na farko a Ingila duk ya sha kaye da maki. Mutumin da ake tsoro a Legas ya koma abin tausayi. Ga sanyi, ga abincin da bai saba ba, ga salon wasa daban: shi ya saba da kutsawa ya kai duka mai nauyi, su kuwa Turawan suna tsikarinsa da hannun hagu suna ja da baya, maki na taruwa. Kuɗin dambe ba su riƙe shi ba, sai da ya kama aiki a masana'antar fenti, ya yi aiki da rana ya je atisaye da yamma.

A nan ne yawancin masu fita waje ke maƙalewa. Akwai wani matsayi a wannan sana'a da ba a gaya wa iyaye: na ɗan wasan da ake ɗauka don a doke shi. Duk mai shirya wasa da ke renon sabon tauraro yana neman wanda zai sha duka ya tsaya, don lissafin yaronsa ya yi kyau. Baƙo mara gata, mai neman kuɗin haya, shi ya fi dacewa da wannan gurbi.

A haka aka ɗauki Tiger cikin watan Mayu 1957, aka kai shi Landan ya kara da Terry Downes, saurayin da Ingila ke sa wa rai. Sai reshe ya juye da mujiya: Tiger ya kai shi ƙasa, ya farfasa masa fuska, har aka tsayar da wasan. Downes ɗin nan daga baya, cikin 1961, shi ma ya zama zakaran duniya, kun ga ba ƙaramin mutum aka doke ba. Daga ranar aka fara kallon Tiger da wani ido. Ranar 27 ga Maris 1958 ya kayar da Pat McAteer a turmi na tara a Liverpool, ya karɓi kambun ƙasashen da ke ƙarƙashin Ingila. Wannan shi ne irin kambun yanki da ke buɗe ƙofa. A yau ɗan Afirka yakan bi ta kambun ƙasarsa, sannan na ƙungiyar dambe ta Afirka, ABU, kafin a fara jin sunansa a waje.

Amurka da layin jira

Cikin 1959 ya sake ɗaure kaya zuwa New York, don a lokacin manyan ƴan ajinsa da kuɗin talabijin duk suna Amurka. Ya samu manaja mai suna Jersey Jones, tsohon ɗan jarida da ya san kowa a harkar, da mai horaswa Jimmy August. Nan ma bai shiga da ƙafar dama ba: wasansa na farko da Rory Calhoun canjaras aka yi, na biyu aka ba Calhoun. Cikin 1960 ya je Kanada ya rasa kambunsa a hannun Wilf Greaves, ya koma cikin shekarar ya ƙwato abinsa.

Me ya sa manaja ke da muhimmanci haka? Saboda kambun duniya ba gasa ba ce irin takobin kokowa, inda kowace jiha ke kawo ƴan wasanta a yi ta kaye har mutum ɗaya ya rage. A boksin kowane wasa ciniki ne tsakanin mutum biyu da masu kuɗinsu. Ƙungiyoyin duniya suna fitar da jerin mutum 15 na gaba a kowane aji. Zakara yana iya zaɓar wanda ya ga dama a cikinsu, kuma a bisa al'ada yakan zaɓi wanda zai kawo kuɗi da yawa da haɗari kaɗan. Sai wanda ya hau kan jerin ne ƙungiya ke tilasta wa zakara ya kara da shi. Ɗan wasa mai haɗari da ba shi da ƴan kallo, kowa gudunsa yake. Aikin manaja shi ne ya yi ta ƙwanƙwasa ƙofa har a rasa yadda za a yi da yaronsa.

Tiger ya yi ta share waɗanda aka sa masa a gaba. Cikin 1962 ya doke Florentino Fernandez na Kuba da Henry Hank na Amurka, hanya ta buɗe.

San Francisco da Ibadan

Ranar 23 ga Oktoba 1962, a birnin San Francisco, ya hau fage da Gene Fullmer, zakaran ƙungiyar WBA, mutumin da ya taɓa doke Sugar Ray Robinson. Aka yi turmi 15 cur, alƙalai suka ba Tiger. Shekarunsa 33 a ranar. Shekara goma ke nan da shigarsa sana'ar, bayan wasanni kusan 60 a nahiya uku. A kwatanta da Anthony Joshua, wanda iyayensa ƴan Najeriya ne amma a Ingila aka haife shi: ya ci zinare a Olamfik ta Landan cikin 2012, manyan masu shirya wasa suka rungume shi, a wasansa na 16 cikin 2016 ya ɗauki kambun IBF. Bambancin ba na ƙarfi ba ne kaɗai. Ɗaya ya fara daga inda kuɗi da talabijin suke, ɗaya kuwa sai da ya yi tafiyar shekaru kafin ya iso wurin.

Suka sake haɗuwa da Fullmer a Las Vegas cikin Fabrairu 1963, aka tashi canjaras, kambu ya zauna hannun Tiger. Karo na uku shi ne wanda dattawan Najeriya ba su manta ba. Ranar 10 ga Agusta 1963 aka yi shi a filin wasa na Liberty da ke Ibadan, hukumomin Najeriya suka tsaya da kuɗinsu don a kawo wasan gida. Shi ne wasan kambun duniya na farko a Afirka ta Yamma, shekara 11 kafin Muhammad Ali da George Foreman su haɗu a Kinshasa. Bayan turmi na bakwai Fullmer bai sake fitowa ba.

Riƙe kambu ya fi ɗaukarsa wuya

Wata huɗu kacal bayan murnar Ibadan, ranar 7 ga Disamba 1963, Joey Giardello ya ƙwace kambun da maki a Atlantic City. Sai ga Tiger ya koma layi. Giardello ya yi ta jan ƙafa kusan shekara biyu, Tiger kuwa ya ci gaba da wasa, har ya lallasa Rubin Carter cikin Mayu 1965. Ranar 21 ga Oktoba 1965 a zauren Madison Square Garden na New York ya ƙwato kambunsa, yana da shekara 36. Cikin Afrilu 1966 Emile Griffith ya karɓe.

Kowa ya ce ya ƙare. Maimakon ya ajiye safa, sai ya haura aji na gaba, na masu kilo 79, inda kusan kowa ya fi shi tsawo da nauyi. Ranar 16 ga Disamba 1966 ya doke José Torres ya zama zakaran duniya a aji na biyu. Ya kare kambun sau biyu cikin 1967. Ranar 24 ga Mayu 1968 dogon nan Bob Foster ya same shi da hagu a turmi na huɗu, aka ƙirga masa goma. Don a samu Tiger ya yarda da wannan wasa, sai da mutanen Foster suka yi masa alkawarin dala 100,000, shi kuwa Foster kusan hannu rabbana ya tashi a daren da ya zama zakara. Wannan ma darasi ne: mai neman kambu shi ke biya, mai riƙe da shi ke karɓa.

A zamaninsa ƙungiyoyin ba su da yawa. Yau manya huɗu ne: WBA, wadda ta samo asali tun 1921, da WBC ta 1963, da IBF ta 1983, da WBO ta 1988. Aji ɗaya na iya samun zakaru huɗu a lokaci guda. Ban da su akwai ƙananan ƙungiyoyi barkatai masu raba ɗamara da sunan duniya a jiki, alhali ba ta da daraja a kasuwar dambe. In aka turo muku hoton wani da ɗamara a kafaɗa, ku fara tambayar ta wace ƙungiya ce.

Ina kuɗin ke tafiya?

Adadin da ake faɗa a labarai ba shi ke shiga aljihun ɗan wasa ba. A al'adar sana'ar, manaja na iya ɗaukar har kashi ɗaya cikin uku, mai horaswa kashi ɗaya cikin goma. A ce ladan wasa miliyan ɗaya ne na sefa: jika 333 sun tafi wurin manaja, jika 100 wurin mai horaswa. Cikin abin da ya rage za a fitar da haraji, da awon likita, da ladan abokan atisaye, da abincin wata biyu na shiri. In wasan kambu ne, ƙungiya ma tana yankar nata, wajen kashi uku cikin ɗari. Kuma ɗan dambe ba ɗan ƙwallo ba ne mai albashin wata: in ya yi wasa uku ko huɗu a shekara, su ke nan. In ya karye a hannu, babu ko dala.

An san Dick Tiger da tattali. Bai yi facaka ba, ya zuba dukiyarsa cikin gidaje da kasuwanci a Najeriya. Sai yaƙin basasa ya ɓarke cikin 1967. Ya goyi bayan Biyafara, ya ba da kuɗinsa da sunansa, har ya mayar wa Ingila lambar girman da ta ba shi. Dattawan Yamai za su tuna a nan garin aka zauna neman sulhun wannan yaƙi cikin Yulin 1968, zamanin shugaba Diori Hamani. Kafin yaƙin ya ƙare a 1970, yawancin abin da Tiger ya tara ya salwanta. Ya yi wasansa na ƙarshe cikin Yulin 1970, ya kama aikin gadi a wani gidan tarihi a New York. Ciwon daji na hanta ya kama shi, ya koma gida, ya rasu a Aba cikin Disamba 1971 yana da shekara 42. Ya bar lissafin nasara 60, faɗuwa 19, canjaras 3. Mujallar The Ring ta zaɓe shi gwarzon shekara sau biyu, 1962 da 1965.

Mu lura da faɗuwa 19 ɗin nan. Mutumin da ake sa wa cikin manyan ƴan damben da Afirka ta taɓa fitarwa ke nan.

Haɗarin da ba a ɓoyewa

Duka a ka ba wasa ba ne. Davey Moore, Ba'amurken da ya karɓe kambun Hogan Bassey cikin 1959, ya mutu a watan Maris 1963 kwanaki kaɗan bayan wani wasa a Los Angeles. Mutuwar ɗan Koriya ta Kudu Kim Duk-koo cikin Nuwamba 1982, bayan ya faɗi a turmi na 14, ita ta sa aka rage wasan kambu daga turmi 15 zuwa 12. Ko a watan Maris 2025, ɗan Najeriya Segun Olanrewaju ya yanke jiki ya faɗi a fage a Akara, bai tashi ba. Ban da mutuwa, akwai lalacewar ido, da rawar jiki, da mantuwa da ke zuwa bayan shekaru.

Shi ya sa a ƙasashen da ke da tsari ba a ba mutum lasisi sai an duba jininsa da idonsa da ƙwaƙwalwarsa, kuma wanda aka sumar sai ya huta makonni kafin ya sake sa safa. Likita a gefen fage da motar asibiti a ƙofa wajibi ne. Duk wanda ya ce wa yaro ya bar zancen awo, ɓata kuɗi ne, ba mai ƙaunarsa ba ne.

Abin da unguwa ke iya yi

Ba sai ƙasa ta yi arziki take fitar da zakaru ba. Ƴan uwanmu mazauna zangon Akara sun san unguwar Bukom, ta masunta, mai cunkoso da talauci. Daga ita da kewayenta Ghana ta samu D.K. Poison, wanda ya ɗauki kambun WBC cikin 1975, da Azumah Nelson cikin 1984, da Ike Quartey cikin 1994, da wasu bayansu. Sirrin ba wani asiri ba ne: ƙananan gidajen atisaye a lungu-lungu, tsofaffin ƴan wasa da ke koyar da yara tun suna ƙanana, da wasanni a kai a kai inda yaro ke gwada kansa gaban jama'a.

Mu ma muna da misali a gida. Tun da aka fara gasar takobin kokowa a Tawa cikin 1975, kowace jiha ke da filinta da makaɗanta da masu horaswa, shi ya sa ƴan kokowar Nijar ke da kwarjini a duk yankin nan. Boksin ma abin da yake so ke nan. Yaron da ke da sha'awa, hanyarsa ta fara daga kulob ɗin da hukumar dambe ta ƙasa ta sani, ya yi wasannin wakilci, ya shiga tawagar ƙasa, a gan shi a gasar Afirka. Kuma kada ya bar lakwal ko sana'ar hannu, don ko Tiger da fenti ya ci abinci.

Kafin a sayar da gona

Ga iyaye da masu aiko da kuɗi daga waje, ga abin da tarihin nan ke nuna a tambaya kafin a saki ko tamma.

Wa ke biya? Manajan gaskiya shi ke zuba kuɗinsa a kan yaro, ya fanshe daga ladan wasa. Wanda ya ce iyali su kawo miliyoyi tukuna, a yi hattara da shi.

Su wa ya taɓa fitarwa? Wasannin sana'a ana rubuta su, da rana da wuri da sakamako, a shafin intanet na BoxRec. Ɗan uwa mai waya a hannu zai iya duba sunan mutumin da na yaransa cikin minti biyar.

Ina takarda? A ga yarjejeniya a rubuce, da kason kowa, da tsawon shekarunta, a kai wa wanda ya iya karatu kuma ba shi da hannu a cinikin. A ga lasisi da takardar izinin hukumar dambe ta gida. A ga biza ta gaskiya. Fasfo kuwa a hannun mai shi yake zama. Hanyar hamada ba ta kai kowa fagen dambe.

In gidan atisayen a garin da kuke zaune yake, ku da ke waje, ku taka ku je ku gani da idonku, ku yi magana da yaran da ke ciki. Zuwa da kai ya fi saƙo.

Sannan a tambayi yaron shi kansa: wasa nawa ya yi da safa, gaban alƙalai, a kan awo? In amsar ba ta wuce biyar ko shida ba, to bai kai lokacin fita ba, kuma faɗa masa haka gata ne. Dick Tiger sai da ya gama da na gida kafin ya hau jirgi, amma duk da haka huɗu ya sha a jere.